Sunan da Ya Gagari Bakin Mero

Akwai kalma guda da duk Ƙarfi aka san Mero ba ta faɗa. Ba zagi ba ce, ba kuma ta batsa ba. Kalma ce mai daɗi, irin wadda malamai ke cika baki da ita a wurin wa'azi. In aka yi rasuwa mata suka taru suna cewa Allah ya yi masa rahama, Mero sai ta ce, "Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta." In ruwan farko ya sauka, ƙasa ta tashi da ƙamshin nan nata, kowa na cewa rahama ta sauka, ita sai ta ɗaga kai ta ce, "Albarka ta zo." Baƙo ba zai lura ba. 'Yan gari kuwa sun san dalili: Rahama sunan ɗiyarta ta fari ne, kuma a gidan da Mero ta fito uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Kunya ke nan. Ta gada wurin uwarta, uwar ma ta gada wurin tata.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, duk duniya babu sunan da Mero take so kamar wannan, kuma ita da kanta ta yi kutun-kutun har aka sa wa yarinyar shi.

A Ƙarfi aka haifi Mero, amma a Funtua ta yi wayo, wurin gwaggonta da ke aure a wata unguwa kusa da layin dogo. Can ta gama firamare, ta ɗan taɓa sakandare. A zamanin akwai wani mai ba da hayar littattafai a bakin kasuwa, yana baje su a kan buhu, 'yan mata na rububin na soyayya. Ranar da Mero ta je an riga an kwashe masu hoton fure da zobe. Saura guda ɗaya da ba mai so, bangonsa ɗauke da wani abu kamar tulu mai fukafukai yana ratsa taurari. Sunansa Damina a Bayan Wata, marubucin kuwa Abdulwaheed Babatunde.

"Bayarabe ne," in ji mai hayar, "amma ɗan garin nan ne, nan aka binne cibiyarsa. Da can a gidan gurzar auduga yake aiki, kafin ya koma kudu. Hausarsa ta fi tawa. Sai dai labarin, gaskiya ƙaryar ta yi yawa."

Mero ta ɗauka don kada ta koma hannu rabbana.

Labarin na wani zamani ne can gaba, lokacin da ruwan sama ya ɗauke daga duniya ɗungurungum. Mutanen ƙasar nan tamu, tun daga Maska har Malumfashi, suka haɗa kai suka ƙera jirgi mai girman gari. Suka shiga da awakinsu da fartanyoyinsu da wasu mutanen ƙarfe masu noma ba gajiya, suka nufi wata duniya a bayan wata. Direban jirgin wani Tanimu ne, sarkin cika baki, kullum yana rantsuwa ya san hanya alhali bai taɓa zuwa ba. Cikin fasinja akwai wata yarinya, Rahama, wadda uwarta ba ta samu shiga ba, sai dai ta miƙo mata goran dawa ta taga ta ce, "Iri ne. Ba a cin iri." Tafiya ta yi nisa, abinci ya ƙare, manya suka fara zagayen yarinya. Ita kuwa ta ɗaure goran a ciki da zane kamar mai juna biyu, ta sha yunwa tare da kowa, ba ta ba da ko ƙwaya ba. Da suka sauka a wata jar ƙasa mai rana biyu, ta tona rami da yatsa, ta zuba irin, ta rufe, ta zauna tana duban sama. Nan labarin ya tsaya. A ƙasan shafin aka rubuta, mu haɗu a littafi na biyu.

Na biyun bai taɓa fitowa ba.

Mero ta karanta ta sake karantawa, ta ƙona miyar gwaggo a kansa ta sha ranƙwashi. Ta yi ta komawa tana tambayar na biyu, har mai hayar ya gaji ya ce, "Riƙe na farkon ma gaba ɗaya, ba mai tambayarsa sai ke." Da aure ya maido ta Ƙarfi, gidan Sanda, wani manomin masara da waken suya mai sanyin hali, littafin na ƙasan akwati a tsakanin zannuwa.

Yau a Ƙarfi in ka ce Mero mai iri, kowa zai nuna maka gidan. Ɗakin girkinta goruna ne rataye reras: na kuɓewa, na yakuwa, na rama, na kabewa, na wake, kowanne an gauraya da toka saboda ƙwari. Zangarniyar dawa kuwa tana sama inda hayaƙi ke kaiwa. Ba ta sayarwa. In damina ta kawo kai mata su zo ta auna musu a tafin hannu, da kaka su maido mata da nasu. Akwai shekarar da bazara ta yi tsanani, rumbu ya yi ƙasa, Sanda ya tsaya yana kallon zangarniyar nan da ido irin na mai lissafi. Mero ba ta ko ɗago daga tukunya ba ta ce, "Malam, ba a cin iri." Magana ce ta tsofaffi, kowane manomi ya san ta, amma ita a littafi ta fara jin nauyinta.

To, batun suna. Raɗa suna ba hurumin mace ba ne, balle amarya mai cikin fari. Mero ba ta roƙi kowa ba. Da yamma in Sanda ya dawo gona ya ci tuwo, sai ta ɗauko littafi ta ce bari ta ɗebe masa kewa. Shi Tanimu ne mutuminsa, yana ƙyalƙyala dariya duk inda direban ya ɓatar da jirgi. Amma sai ka ga karatun ya bi ta nan ya bi ta can ya dawo kan Rahama. Rahama ta ce, Rahama ta yi, Rahama ta hana. Ranar suna liman ya sanar da Rahama, Sanda na ta gaya wa abokansa yadda sunan ya faɗo masa a rai yana tsakiyar huɗa.

Bayan ta fita wanka, wata yamma Mero ta ɗauko littafin kamar yadda ta saba, jaririya na kwance a gefe. Ta karanta layi ɗaya, biyu, ta iso kan sunan. Daga bayan zana sai uwar mijinta, Iya Rabi, ta yi gyaran murya. Wannan kaɗai ya isa. Sai a lokacin Mero ta gane cinikin da ta yi. Ta so suna har ta ba ɗiyarta, kuma ranar da ta ba da shi ya bar bakinta. Daga ran nan, in tana karatu ta zo wurin, sai ta ce "yarinyar nan mai gora," ta wuce.

Da aka yaye Rahama, Iya Rabi ta ɗauke ta zuwa ɗakinta, kamar yadda aka saba. Gida ɗaya ne, tsakar gida ɗaya, amma yarinya ta tashi tana kiran uwarta Yaya, don haka ta ji ƙannen Sanda na kiranta. Ƙannenta da suka biyo baya su ne masu cewa Inna, su ne masu hawa cinya. Ita kuwa sunanta a bakin Mero "Ke." Ke, zo ki ɗauki tsintsiya. Ke, Iya na kira.

Kada ka ce ba so. In aka yanka kaza, cinya na tafiya ɗakin Iya Rabi, alhali kowa ya san tsohuwa ba ta da haƙoran cinya. In zazzaɓi ya kama yarinya, Mero sai ta tsiri tsintar wake a daidai ƙofar ɗakin, ta wuni nan, waken da tun safe ya tsintu. Ranar da makaranta ta ba Rahama kyautar ta ɗaya, Mero na can bayan taro ta ja mayafi, ta riga kowa fita. Da mata suka biyo ta da barka, cewa ta yi, "Tana dai ƙoƙari."

Sau ɗaya yarinyar ta taɓa tambaya. Tana 'yar firamare, ana yi mata kitso a tsakar gida, mata cike, sai ta ɗago ta ce, "Yaya, wai kin san sunana kuwa?" Gida ya kwashe da dariya. Mero ta ce, "Ji marar kunya. Sunkuyar da kai a gama miki." Aka yi ta ba da labarin a gidajen biki. Rahama ba ta sake tambaya ba.

Ta dai gano littafin da kanta a ƙasan akwati, ta karanta, ta maida shi yadda ta same shi. Ba su taɓa zancensa ba. Da ta gama sakandare ta ce aikin gona za ta karanta a Zariya. Daga can ta samu aiki a Ibadan, a wata cibiya da ake binciken irin shuka. Mero ta ji wannan labari tana tankaɗe, ta ce, "Allah ya sa albarka," ta ci gaba da tankaɗe garin da ya riga ya yi laushi.

Shi kuwa marubucin, Mero ba ta taɓa ganinsa ba, amma ta san ƙanwarsa. Kudirat mai robobi ce a kasuwar Funtua, mace mai faɗin murya da barkwanci, wadda Hausa ta zauna a bakinta daram. Tun ranar da Mero ta ji ko ƙanwar wane ce, ba ta sake sayen roba wurin kowa ba. Ta sayi baho, ta sayi bokiti, ta sayi abin da ba ta bukata, kuma in za ta tafi sai ta ce, "Yaya mutanen kudu?"

"Mero," Kudirat kan ce, "in lambar yayana kike so ki faɗa. Robobin gidanki sun isa buɗe shago."

"Ni matar aure me zan yi da lambar wani?"

"Ki tambaye shi ko dawar nan ta tsiro, mu huta."

Haka suka yi shekara da shekaru.

Bara da kaka, an gama yankan dawa, Rahama ta zo gida sallama. Ta samu gurbin ƙarin karatu a ƙasar Holan, kuma tafiyar ta shekaru ce. Ana gobe za ta tafi, da hantsi, Mero na sheƙar wake a tsakar gida, sai ta zo ta tsuguna nesa kaɗan, yadda ta saba.

"Yaya, na gano marubucinki. Yana nan Ibadan, ya manyanta. Yau bayan la'asar zai kira ta bidiyo ku gaisa."

Faifai ya kuɓuce, wake ya watse, kaji suka samu biki.

"Wane marubuci?" in ji Mero, kamar tana da goma.

Wanda bai ga Mero a ranar ba bai san ta ba. Ta share tsakar gida, ta yayyafa ruwa, ta sake sharewa. Ta fiddo atamfar Sallah ta maida, ta fiddo wata. Ta dama fura da nono mai kyau ta rufe da faifai, sai da Sanda ya tambaye ta ko ta cikin wayar za a miƙa wa baƙon. Ta zaga bayan ɗaki tana maimaita tambayoyinta a hankali, don kada su gudu in ta gan shi. Maƙwabciya ɗaya tak ta gaya wa, ita ma a kunne. Kafin la'asar matan unguwa sun cika gidan, wasu da goyo, wasu da ƙullun da ba su gama ba. Iya Rabi, wadda yanzu sai da sanda, ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a gaba, ta zauna da carbinta.

A gidan Sanda sabis ba ya kamawa sosai sai a gindin rumbu. Nan aka ajiye wa Mero kujera 'yar tsugunno. Rahama ta tsaya a gabanta ta riƙe wayar da hannu biyu a daidai ƙirji, ta yadda in Mero ta dubi wayar, fuskar ɗiyarta na nan sama da ita kaɗan.

Waya ta yi ƙara. Sai ga wani dattijo siriri, gemu fari fat, hula a karkace irin ta mutanen kudu. Da ya buɗe baki kuwa, sai ka rantse daga bakin tashar Funtua yake magana.

"Salamu alaikum, mutanen Ƙarfi. Hajiya Mero, ina wuni? Ina gajiya? Yaya kaka?"

Mero ta zame daga kujera ta durƙusa. Mata suka tuntsire.

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Amma ban je ba tukuna."

"Allah ya kai ki. Ke da kika je bayan wata, ai jirgi ba zai ba ki tsoro ba. Tashi ki zauna, don Allah, kada ki sa ni ma in durƙusa, gwiwar ba ta tashi."

Aka gaisa aka sake gaisawa. Ya tambayi auduga, aka ce ta ja baya, yanzu masara da waken suya ke ci. Ya tambayi ko har yanzu ana jin kukan jirgin ƙasa a Funtua. Ya gaida Iya Rabi da girmamawa, ta amsa da ka. Sannan Mero ta kwance ƙullin zane ta fiddo littafin ta ɗaga. Bangon ya koɗe, tulun mai fukafukai da ƙyar ake ganinsa, gefen kuwa ɗinki ne na zare da allura, ɗinki kan ɗinki.

Dattijo ya ƙura wa littafin ido. Ya matso da fuska har gemunsa ya cika wayar.

"Ni kaina ba ni da shi," ya ce. "Ƙaura ta cinye nawa. Buɗe mini in gani."

Ta buɗe masa. Da ta ga idonsa ya kawo ruwa sai tsoronta ya tafi, ta yi tambayar da ta riƙe tun tana budurwa.

"Malam, ya tsiro?"

"Wallahi ban sani ba, Hajiya. Na sha zama in rubuta na biyun. In na sa ya tsiro sai in ga kamar na yi wa mutane ƙarya, in na sa bai tsiro ba sai in kasa cin abinci. Ke me kika gani?"

"Ya tsiro mana. Ai kaura ce, ba ta ƙin jar ƙasa. Rana biyun ce dai matsala. Ni da ni ce, sai in yi masa 'yar rumfa har ya yi ƙarfi."

"Rumfa," in ji dattijo, yana dariya har da tari. "Ina kike tun da can? Da mun gama littafin nan tare."

Mero ta rufe fuska da mayafi, daɗi kamar ya kashe ta. Ta tambaye shi ko yarinyar ta sake ganin uwarta. Ya ce wannan ma bai sani ba, hanyar da nisa. Sannan ya gyara zama ya ce shi ma yana da tambaya guda.

"A duk mutanen littafin nan, wa kika fi so?"

"Yarinyar nan mai gora."

"Wace yarinya? Kin ga na tsufa, sunaye sun zube. Tuna mini."

Mata suka fara taɓa juna. Carbin Iya Rabi ya tsaya.

"Haba Malam, ai ka sani."

"Hajiya, ni ma ɗan Funtua ne, na san kunya, ba kuma zan sa ki abin da bai kamata ba. Amma wannan ba sunan gidanku ba ne. Nawa ne, ni na raɗa shi tun ba a haifi kowa ba. Na ba ki aro. Faɗi ɗaya, ki maido mini abina."

Sunan ya taso. Mero ta ji shi ya bar ƙirji ya hau maƙogwaro ya zauna a kan harshe, da ɗuminsa, kamar yadda yake zama a da can lokacin da take karanta wa Sanda. Ta lura wayar na ɗan rawa, ta ɗauka hannun mai riƙon ne ya gaji. Ba ta ɗaga ido sama da wayar ba. Gefe ta duba, inda Iya Rabi ke zaune, da inda mata suka yi cirko-cirko. Wata daga baya ta ce, "Yau za mu ga ƙarshen kunyar Mero."

Sai Mero ta yi dariya ta ce, "To in haka ne na sake shawara. Tanimu na fi so, direba."

Gida ya ɗauka. Wata ta rangaɗa guɗa ta wasa. Iya Rabi ta ci gaba da jan carbi ta ce, "'Yar halak. Bayarabe bai ci mu ba."

Dattijo ya yi murmushi, amma bai yi dariya ba. "To," ya ce, "Tanimu ma mutum ne." Ya yi godiya, ya yi addu'a, ya ce a gaida maigida. A ƙarshe ya ce, "Rahama, Allah ya kiyaye hanya, 'yata." Haka sunan ya fito daga bakinsa sumul, kamar ba komai ba.

Rahama ta kashe wayar ta ce hannunta ya gaji, za ta je ta ƙarasa haɗa kaya.

Mero kuwa ranar ba ta taka ƙasa ba. Ta raba furar baƙo ga mata, ta ba Sanda labarin rumfa, ta sake ba shi da ya dawo masallaci. Duk wadda ta shigo sai ta ji yadda marubuci ya ce da sun gama littafin tare, da yadda ya ɗana mata tarko ta tsallake. A ganinta ba ta taɓa yin rana mai kyau irin wannan ba.

Da safe ɗan acaɓa ya tsaya a ƙofar gida. Uwa ba ta raka ɗan fari tasha, don haka a zaure suka tsaya. Mero ta fiddo wani ɗan ƙaramin gora daga cikin mayafi, ta toshe bakinsa da tsumma, ta miƙa ba tare da ta dubi mai karɓa ba.

"Ke, ungo. Kaura ce."

Rahama ta karɓa ta jujjuya shi a hannu. Ta san daga inda wannan kyauta ta fito, ta kuma san me ake nufi. Ta daɗe tana kallonsa.

"Ba za su bar ni in shiga da shi ba, Yaya. Ba a ƙetare ƙasa da iri haka nan, a filin jirgi za su karɓe su zubar. Ki ajiye mini."

Ta maido. Ta ɗan tsaya, jaka a kafaɗa, kamar mai jiran a ba ta saƙo.

"Allah ya tsare," in ji Mero. "A riƙe salla."

Mashin ya tashi.

Sai da aka kwana biyu sannan Mero ta shiga Funtua, da ɗokinta, za ta ba Kudirat labari. Ta tarar da ita tana jera bokitai. Kudirat ta amsa gaisuwa a taƙaice, ba barkwanci, ta jawo benci ta ce ta zauna.

"Mero, ke wace irin mace ce?"

"Me na yi?"

"Kin san yayana ba ya son waya? 'Yan jarida sun neme shi ya ƙi. Yarinyar nan ta yi ta sintiri gidansa, ta kai masa zuma, ta kai masa daddawa, har ya gaji ya tambaye ta abin da take so. Ta ce, Baba, ba don littafin kaɗai ba ne. Ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba. Na san ba za ta kira ni da shi ba, ban ma nema ba. Amma in ta faɗe shi a matsayin na yarinyar cikin littafi, ina tsaye a wurin, ya ishe ni guzuri. Ita ta tsara masa tambayar, Mero. Har zancen aron nan tare suka shirya."

Mero ta dubi bokitan. Ja, shuɗi, kore, an kifa wani cikin wani.

"Ai ta sani," ta ce a hankali.

"Ta san me? Wa ya gaya mata? Ni ba na zagin al'adarku, a cikinta na tashi. Amma mu a wurinmu da sunan ɗan fari ake kiran uwa. Ni Iya Titilayo ce, in na wuni ban ji sunan ba sai in ga kamar ban karya ba. Ke an kawo miki har gindin rumbu, an ce ba naki ba ne, aro ne, ki taɓa ki ajiye. Kika ce Tanimu."

Ranar Mero ba ta sayi roba ba.

A hanyar komawa ta ce wa mai mota ya sauke ta kafin gari, a daidai gonar Sanda. An riga an kwashe amfani, sai kara a tsaye da tattabaru na kiwo. Ta shiga tsakiya, ta duba gabas ta duba yamma, ba kowa. Ta buɗe baki ta faɗa.

"Rahama."

Ko tattabarun ba su tashi ba. Ta sake faɗa, da ɗan ƙarfi. Abin da ya fi ci mata rai, in ji wadda ta gaya wa daga baya, shi ne yadda ya fito ba wuya. Ta ɗauka dutse ne take ɗauke da shi duk shekarun nan. Ashe bai fi ƙwayar dawa nauyi ba.

Za ka ce to ai shi ke nan, sai ta faɗa a waya. Ita ma haka ta ce. Rahama na kira duk Juma'a bayan an sauko masallaci, kuma duk Juma'a Mero na shiri tun safe. Takan zaɓi lokacin da Iya Rabi ke barcin rana, ta je gindin rumbu ita kaɗai, sunan na kan harshe. Sai murya ta fito daga can ƙasar sanyi ta ce, "Yaya, ina wuni," sai ka ji Mero ta ce, "Ke, yaya sanyi? Kina cin abinci kuwa?" A gindin rumbun nan an taɓa ba ta aro, da mai ba da aron da dalilinsa. Yanzu ba littafin da za ta fake a bayansa, in ta faɗa nata ne, kuma bakin da ya shekara kusan talatin yana kauce wa abu ba ya miƙewa rana ɗaya.

Ɗan goran na nan rataye a ɗakin girki, nesa kaɗan da sauran. Da damina ta kawo kai bana ta juye kaurar da ke ciki ta shuka a bayan ɗaki, da kaka ta cika shi da sabuwa, don Mero ta fi kowa sanin iri in ya daɗe a gora ba ya tsirowa. Ranar ruwan farko mata suka fito tsakar gida suna tara bokitai, suna cewa rahama ta sauka. Mero ta ɗaga kai, ruwa na dukan fuskarta, leɓenta ya motsa. Maƙwabciyar da ke kusa ta ce ta kasa kunne. Albarka ta ji.

Hirar Juma'a ba ta da tsawo. A tambayi Iya, a tambayi Baba da ƙanne, a yi zancen karatu da na gona. In magana ta ƙare, Rahama ba ta kashewa nan da nan. Takan yi ɗan shiru, kamar yadda ta yi a zaure da jaka a kafaɗa. Da can Mero na ɗauka sabis ne ya ɗauke, har ta riƙa ɗaga wayar sama tana juyawa. Yanzu ta daina juyawa. Takan riƙe ta a kunne, su yi shirun tare, har daga can a ce, "To Yaya, sai wata Juma'ar."